Yadda ake yanke hukunci kan baka da kibiyar sihiri a wasan Dungeons & Dragons ba tare da musu ya cinye wasan ba

Dungeons & Dragons wasan labari ne da ake yi a tebur da dayis. Wannan bayanin na sabon mai jan wasa ne, wato DM, wanda 'yan wasansa suka fara tsintar makaman sihiri na harbi daga nesa kuma ya fara ganin yadda ake tsayar da faɗa ana jayayya. Takobin sihiri ba ya ba da wahala sosai don abu ɗaya ne a hannu ɗaya. Shi baka kuwa abu biyu ne, ga bakan ga kibiyar, kowanne yana iya zuwa da nasa sihirin, sannan ga nisa, ga abin da abokin gaba ya laɓe a bayansa, ga maganar ko kibiyar za ta sake amfani bayan an harba ta. Duk abin da zan faɗa a kan bugu na biyar ne na kamfanin Wizards of the Coast wanda ya fito a 2014, in na taɓo wani bugun zan faɗa.

Kayan da za ka tanada

Littafin Player's Handbook da Dungeon Master's Guide. Na farko shi ke da dokar makamai da faɗa, na biyun shi ke da bayanin kayan sihiri. In ba ka da su kar ka damu, akwai Basic Rules kyauta, akwai kuma SRD 5.1, kundin dokokin wasan da kamfanin ya saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a 2023, kusan duk makaman da zan ambata suna ciki. Ka haɗa da Sage Advice Compendium, shi ne inda aka tara amsoshin tambayoyin doka a hukumance. Ka sauke su a waya tun kafin ranar wasa, kar sai an zauna ka fara neman netwok.

Dayis: d20, d8, d10, d6, d4, lambar ita ce yawan fuskokin dayis ɗin, 2d8 kuma na nufin d8 guda biyu. Dayis ɗin lido shi ne d6 daman. In sauran basu samu ba akwai manhajojin jefa dayis a waya, ko ka yanka takarda ka rubuta 1 zuwa 20 ka zuba a hula a riƙa ɗiba ana mayarwa.

Kwali mai layi-layi na murabba'i, kowane gida ɗaya ƙafa 5 ne, da marfin lemo ko tsakuwa a matsayin mutane da dodanni.

Kwalin ashana. Kowane tsinke kibiya ɗaya ce, na sihiri kuma ka shafa musu jan biro a gindi. Wanda ya yi harbi ya tura tsinke ɗaya tsakiyar tebur, shikenan babu sauran "ai ina da saura biyu".

Ƙananan katuna na rubuta bayanin kowane makami, da ƙaramin littafi na rubuta hukuncin da ka yanke.

Mataki na 1: ku tsayar da bugun da kuke bi

Rabin rigimar daga nan take tasowa wallahi. Wani ya karanta amsa a intanet, amsar kuma ta bugun 3.5 ce na 2003 ko ta wani wasan mai kama da shi, Pathfinder, inda aka ce ƙarin bakan da ƙarin kibiya ba sa haɗuwa, wanda ya fi girma kawai ake ɗauka. A can gaskiya ne, a bugu na biyar ba haka bane. Haka littattafan da aka sabunta a 2024 sun canza abubuwa, misali baiwar Sharpshooter ta 2014, wata gwanintar harbi da ɗan wasa ke zaɓa, tana bari ka rage 5 daga jifan hari ka ƙara 10 a dameji, a sabuwar an cire wannan. Toh ka faɗa a fili tun zaman farko cewa ga bugun da muke kai, duk wanda ya kawo hujja ka fara tambayarsa daga wane littafi ya ɗauko.

Mataki na 2: ka gane wane irin makami ne kafin ka kalli sihirinsa

Buɗe teburin makamai na Player's Handbook ka duba a wane sashe abin yake, sashen makaman nesa ko na kusa. Dogon baka damejinsa 1d8 ne, nisansa 150/600, wato ƙafa 150 zango na yau da kullum, 600 iyakar dogon zango. Gajeren baka 1d6, 80/320. Baka mai kunama, wato crossbow, ƙarami 1d8, 80/320, babban 1d10, 100/400, na hannu ɗaya 1d6, 30/120. Majajjawa 1d4, 30/120. Duk waɗannan makaman nesa ne, da Dexterity, wato makin zafin nama, ake harba su.

Amma mashi na jifa, da wuƙa, da ƙaramin gatari, suna sashen makaman kusa ne, kawai an yarda a jefa su. Mashi 1d6 ne, 30/120, kuma ko jefa shi aka yi da Strength, wato makin ƙarfi, ake lissafi. Wuƙa 1d4, 20/60, ita mutum yana da zaɓi tsakanin Strength da Dexterity. Amfanin sanin wannan shi ne salon faɗa na Archery yana ba da +2 ne ga hari da makamin nesa, kaga kenan mai jefa mashin sihiri ba zai samu +2 ɗin ba duk da cewa daga nesa ya kai harin, haka ma cinikin -5 da +10 na Sharpshooter. Sabbin DM da yawa suna bari ya wuce saboda suna ganin ai duk jifa jifa ne. In kana so ka ba da shi don raɗin kanka ba laifi, amma ka san cewa kyauta ka yi, ba dokar littafi bace.

Mataki na 3: karanta bayanin makamin da ƙarfi, ka fitar da abu huɗu a kati

Kar ka dogara da abin da ka tuna, ko abin da mai makamin ya tuna, shi kullum ɓangaren daɗin zai riƙe. Ka karanta kowa na ji, sannan ka rubuta: yana buƙatar atunmen ko a'a, me ke tayar da sihirin, me sihirin yake yi, yaushe yake ƙarewa ko yake dawowa.

Atunmen shi ne mutum ya zauna da kayan tsawon gajeren hutu, akalla awa ɗaya, ya ɗaura alaƙa da shi, kuma ba a wuce kaya uku a lokaci guda. Baka mai +1 kawai ba ya buƙata, ana ɗauka ana harbawa. Bakan Oathbow yana buƙata, Bracers of Archery da ake ɗaurawa a hannu ma haka. Gudumar Dwarven Thrower kuwa ba kowa bane ma zai iya, sai wanda yake jinsin dwaf.

Ɗauki Oathbow a matsayin gwaji don shi ne mai yawan sharuɗɗa. Dogon baka ne kuma ba shi da +1 ko +2 ko kaɗan, mutane suna mantawa da wannan. Mai shi yana ayyana mutum ɗaya a matsayin maƙiyin rantsuwa lokacin da yake kai hari, daga nan yana da adbantej a kansa, wato ya jefa d20 biyu ya ɗau babba, kariya ba ta amfanar maƙiyin sai in ya ɓuya gaba ɗaya, dogon zango ba ya rage masa komai, in ya same shi akwai ƙarin 3d6. Rantsuwar tana nan har maƙiyin ya mutu ko asubar kwana bakwai ta yi. Ga kuma ɓangaren da ake ɓoyewa: muddin maƙiyin na raye, duk wani makami daban da ya ɗauka yana da disadbantej da shi, wato ya jefa d20 biyu ya ɗau ƙarami, kuma ko maƙiyin ya mutu sai asuba ta gaba zai iya zaɓar wani. Ka rubuta wannan layin da manyan baƙi a katin, domin shi ne farashin bakan, in ka bar shi ya faɗi ka ba mutum ɗaya ƙarfin da ya fi na sauran teburin.

Mataki na 4: haɗa lambobin

Dokar a bugu na biyar mai sauƙi ce, abubuwa masu suna daban-daban suna haɗuwa, masu suna ɗaya ne ba sa hawa kan juna. Makami +1 da kibiya +2 kaya biyu ne daban, saboda haka ana tara su.

Ga misali a gabanmu. Maharbiya ce mai lebul 5, Dexterity 18 wato +4, ƙwarewa +3, salon Archery +2, dogon baka +1, ta ɗora kibiya +2. Jifan hari: 4 da 3 da 2 da 1 da 2, ya kama +12. Dameji kuwa 1d8 ne da 4 na Dexterity da 1 na baka da 2 na kibiya, wato 1d8+7. Lura, ƙwarewa da Archery ba sa shiga dameji, a jifan hari kaɗai suke, nan ma wajen kuskure ne. In tana sanye da Bracers of Archery sai a ƙara 2 a dameji ya zama 1d8+9, su kuma ba sa shiga jifan hari.

Ka sa ta rubuta layi biyu a takardarta tun kafin faɗa, ɗaya da kibiyar gama-gari +10 da 1d8+5, ɗaya da ta sihiri +12 da 1d8+7. In ba haka ba duk zagaye sai an sake lissafi kowa yana jira.

Ni a ganina ka bar su su haɗu kamar yadda littafi ya ce, tunda kibiyar sihiri ƙarewa take yi. Inda za ka kame hannu shi ne wajen rabawa, kar ka zuba +3 guda ashirin a akwatin farko, +3 tana ajin kayan da ba kasafai ake gani ba sam. Biyu zuwa biyar na +1 sun isa su sa mutum ya yi tunani kafin ya zaro.

Mataki na 5: nisa, kariya da matsayin jiki

Wannan sai ka yi shi kafin a jefa dayis, ba bayan an ga lamba ba. Ƙirga gidaje a kwalin. In abin harin yana cikin lambar farko, misali ƙafa 150 na dogon baka, jifa ce ta yau da kullum. Tsakanin 150 da 600 akwai disadbantej. Sama da 600 ba a ma jefawa. In akwai abokin gaba a cikin ƙafa 5 da mai harbin, wanda yana ganinsa kuma ba a sume yake ba, akwai disadbantej ko ba shi ake harbi ba. Wanda yake kwance a ƙasa ma in daga nesa ne disadbantej ne.

Kariya uku ce. Rabin jiki a ɓoye +2 ne a AC, wato lambar da jifan hari zai kai kafin ya sami mutum, kashi uku cikin huɗu +5, in ya ɓuya gaba ɗaya ba a iya saita shi. Mutum ma kariya ne, in abokinka yana tsaye tsakaninka da dodon, dodon ya samu +2. A misalinmu in dodon AC 15 gare shi yana bayan guntun katanga ya zama 17, ita da +12 tana neman 5 ko sama a d20.

Sihirin makami ba ya share ko ɗaya daga cikin waɗannan sai in bayaninsa ya faɗa ɓaro-ɓaro, kamar yadda na Oathbow ya faɗa. Kuma adbantej ɗaya da disadbantej ko guda uku ne suna kashe juna, a koma d20 ɗaya, ba a ƙirga wanne ya fi yawa.

Mataki na 6: shin harin na sihiri ne?

Akwai dodannin da makamin gama-gari ba ya kama su sosai, wasu rabin dameji suke ɗauka, wasu kuma kamar ɗan tauri suke, ƙarfe ba ya cinsu sam. Mutum-kerkeci na littafin dodanni, Monster Manual ɗin 2014, yana cikin na biyun, sai makamin sihiri ko wanda aka yi wa azurfa. Tambayar da za a yi maka ita ce baka na sihiri ne amma kibiyar ta kasuwa ce, ya ake ciki? Amsa: harin na sihiri ne, an ma saka wannan a gyaran da aka yi wa Dungeon Master's Guide. In kuma bakan na kasuwa ne kibiyar ce ta sihiri, nan ma ya wuce.

In ƙungiyar ba ta da ko ɗaya, ka tuna musu hanyoyi biyu. Ana yi wa kibiya goma azurfa a kan zinare 100. Ko kuma mai sihirin cikinsu ya yi sihirin Magic Weapon, na lebul 2 ne, yana mayar da makamin gama-gari +1 har awa ɗaya muddin ya riƙe natsuwarsa, a kan bakan za a yi shi ba a kan kibiya ɗaya ba, kuma ba ya hawa makamin da daman na sihiri ne.

In juriya ce ta rabi, sai ka gama tara komai tukun sannan ka raba biyu ka sauko ƙasa, 11 ya zama 5. Masu bin Monster Manual na 2025 kuma wannan matakin kusan ya fita daga kanku don an cire yawancin wannan bambancin a can.

Mataki na 7: kiritikal da jifan tsira

In d20 ya ba da 20, wato kiritikal, ana ninka dayis ɗin dameji na harin ne kawai, lambobin da ake ƙarawa suna nan yadda suke. 1d8+7 zai zama 2d8+7. Oathbow a kan maƙiyin rantsuwa zai zama 2d8 da 6d6 da 4 na Dexterity, tunda 3d6 ɗin da samun harin yake zuwa kai tsaye.

Arrow of Slaying daban ce, ita an ƙera ta ne don wani jinsi takamaimai, misali dodannin dragon. In ta sami irin wanda aka yi ta dominsa sai ya yi jifan tsira, wato ya jefa d20 don kare kansa, da Constitution, makin juriyar jiki, yana neman 17 ko sama, in ya faɗi ƙarin 6d10, in ya tsallake rabin haka. Wannan 6d10 ɗin ta hanyar jifan tsira ya zo, don haka ba a ninka shi a kiritikal. Mai harbin zai ji haushi, zai ce ai 20 na jefa, ka ba shi 2d8 ɗinsa ka tuna masa 6d10 kaɗai a tsakaice 33 ne.

Javelin of Lightning shi kuma aiki biyu ne a jere kuma ana yawan cakuɗa su. In an jefa shi da kalmar umarni yana zama walƙiya mai faɗin ƙafa 5 zuwa wanda aka nufa cikin ƙafa 120. Duk wanda ke kan layin, ban da mai jifan da wanda aka nufa, zai yi jifan tsira na Dexterity a kan 13, 4d6 ko rabi, kuma har abokan tafiya in suna kan hanyar. Shi wanda aka nufa ba ya jifan tsira, jifan hari ake yi a kansa, in ya samu damejin mashi ne da 4d6, wannan kam ana ninkawa a kiritikal. Sau ɗaya ne sai asuba, amma kafin nan mashin yana nan a matsayin makamin sihiri.

Mataki na 8: bayan faɗa, ina kibau suka shiga

Dokar gama-gari ita ce in an ɗauki minti ɗaya ana nema ana dawo da rabin abin da aka harba. Kibiya +1 zuwa +3 da zarar ta sami abin hari sihirinta ya tafi, ta koma ta kasuwa. Wadda ta kuskure tana nan da sihirinta in an tsince ta. Littafin bai faɗi wace ce cikin kibau ɗin ke shiga rabin da aka tsinta ba, toh ni abin da nake yi shi ne duk tsinken ashana mai jan gindi da ya kuskure ina ware shi gefe, bayan faɗa a jefa masa d6, 4 zuwa 6 an same shi, ƙasa da haka ya ɓata. In a bakin kogi ko kan dutse aka yi faɗan ina faɗa tun kafin harbi cewa wadda ta wuce ta tafi kenan.

Makamin jifa ba ya dawowa hannu da kansa sai an rubuta haka. Dwarven Thrower yana dawowa nan take, mashi +1 kuwa sai an taka an ɗauko.

Sai maganar baka mai kunama, yana da dokar lodi, harbi ɗaya ne a kowane aiki ko da mutum yana da Extra Attack mai ba da hari fiye da ɗaya, kuma kasancewarsa +2 bai cire wannan ba. Baiwar Crossbow Expert ce ke cirewa, ko Repeating Shot na ajin artificer, masu ƙera kayan sihiri, wanda har kibiyarsa yake samar wa kansa, amma shi ba ya hawa makamin da daman na sihiri ne.

Mataki na 9: inda littafi ya yi shiru

Ka fara da ƙa'idar littafin kansa, doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari, bayanin makami ya fi dokar babi ƙarfi a kan wannan makamin. Wasu wuraren da ake zaton shiru ne an ma amsa su, misali Antimagic Field, fili mai kashe sihiri mai zagayen ƙafa 10: kibiyar sihiri da aka harbo cikinsa ta zama gama-gari, wadda aka harba daga ciki kuma sihirinta yana dawowa da zarar ta fita gaba ɗaya.

Amma akwai na gaske. Sihirin Wind Wall, wato katangar iska, yana karkatar da kibau da sauran abin harbi na yau da kullum, toh kibiya +1 ta yau da kullum ce ko a'a? Ni ina cewa iska tana ɗauke ta don nauyinta na kibiya ne, sai dai walƙiyar Javelin of Lightning ina barinta ta wuce. Wani DM zai ce akasin haka kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Ka ba kowane ɓangare magana ɗaya, ka ba kanka minti ɗaya na duba waya, in ba ka gani ba ka yanke, in abin kunnen doki ne ka karkata wajen ɗan wasan, ka rubuta a littafin hukunci da kwanan wata. Bayan an tashi ka bincika a natse, in ka ga za ka canza ka sanar a farkon zama na gaba kafin a jefa dayis ko ɗaya, abin da ya riga ya faru a labarin kuma ba a komawa a warware shi. Kuma duk hukuncin da ka rubuta ka gaya musu yana hawa kan maharban abokan gaba ma, ranar da mai sihirin 'yan wasan ya kafa Wind Wall kibiyoyin dodanni ma sama za su yi.